Abin da Isuhu Ya Ji

Sun rushe shagon kaset ɗin nan na hanyar Jurf. Ɗana ne ya bi da ni ta wurin a mota, muna dawowa daga ganin likitan ido, na ce ya rage gudu in duba. Ba komai sai fili da tarin bulo, da wata mage tana hamma a kai. Shagon ya daɗe da daina ba da hayar kaset, an sayar da turare a cikinsa, an sayar da wayoyi, amma muddin ginin yana tsaye, ni a wurina shagon kaset ne. Na ce wa yaron, "Nan muke karɓo finafinan 'yan Sin masu takobi." Ya ce, "Aiwa, ya abuya," bai ko ɗauke ido daga titi ba. Haka suke duk cikarsu, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Tun daga nan har gida wani tsohon haushi ya taso mini, wanda na zaci shekaru sun cinye shi. Ashe yana nan daram, kwanciya kawai ya yi.

A wancan zamanin gidanmu yana Harra ta Yamma, can inda baƙin dutse yake leƙowa tsakanin gidaje, kwalta ba ta gama shiga lunguna ba. Babanmu mai tsire ne. Larabawan unguwa su ce siriya, mu a cikin gida mu ce tsire, naman dai ɗaya ne. Da ƙafa iyayensa suka taho da shi daga ƙasar Kano yana goye, suka yi shekaru a hanya, su tsaya su yi noma a Sudan su ƙara gaba, har Allah ya kawo su Madina suka zauna. Shi bai san Kano ba sai a bakin uwarsa, amma in ka ji Hausarsa sai ka rantse jiya ya sauka. Abin da yake cika gidanmu bayan sallar asuba shi ne ƙarar turmi, Inna da ƙannena mata suna dakan ƙuli-ƙuli da barkono da citta, tim, tim, tim, kowa yana atishawa har da maƙwabta. Daga nan sai ka ji Baba yana wasa wuƙa a kan dutse, a hankali, ba gaggawa, kamar mai jan carbi. Yanzu inji ne, ka danna ya yi ihu ya yi shiru, yajin ma a leda ake sayo shi, ko jariri ba ya sawa atishawa.

Ni ne ɗan fari, kuma a nan matsalar take. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. "Kai." "Kai wannan." In abin ya yi daɗi ƙwarai, "Kai babba." In yana tambayar Inna ni sai ya ce, "Yaron nan ya shigo?" ita kuma ta ce, "Wancan? Bai dawo ba." Ƙannena kuwa daga safe har dare sunayensu ake rerawa, har da na wasa. Goggona, yayar Baba, ita ta zaunar da ni wata rana da ta ga ina kumbure-kumbure. Ta ce, "Kunya ce, ɗan nan. A can gida ba a kama sunan ɗan fari. Ga shi kuma sunan kakanka ka ci. Ta ina zai buɗe baki ya kira sunan ubansa gatsau?" Na ji, kaina ya gane, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Don ni ba a can gida aka haife ni ba, a Madina aka haife ni, inda ake girmama mutum da sunan ɗansa na fari. Mai burodi, mai kawo gas, limamin masallacinmu, kowa in ya hango Baba sai ya ɗaga murya, "Ya Abu Wane!" da sunana ɓaro-ɓaro a tsakiyar titi. Baba sai ya sunkuyar da kai ya amsa ƙasa-ƙasa, kamar an kama shi da wani abu a aljihu. A ƙofar makaranta iyayen abokaina su zo suna ƙwala kiran 'ya'yansu, su sumbaci goshinsu a gaban kowa. Nawa ya tsaya can jikin bango, in muka haɗa ido ya ɗaga mini haɓa, shi ke nan an gaisa. Duk garin nan sunana yana bakin kowa, ban da bakin da nake so.

Na girma, na yi karatu, na samu aikin magatakarda a wata makaranta. Kullum da safe in sa farar riga gogaggiya in fita, in bi ta gefen murhu ina tattare ta kada hayaƙi ya taɓa. Da albashina na sayo bidiyo na ajiye a majalis, ɗakin baƙin maza. Ku 'yan yanzu da kuke kallo a tafin hannu ba za ku gane ba. A lokacin ba gidan sinima, talabijin kuma ba ka da zaɓi, abin da aka ba ka shi za ka kalla. Sai dai ka je shagon nan ka tsaya gaban kanta kana duba bayan kwalaye, mai shagon yana rantse maka cewa wannan sabo ne, alhali ya sha juyi har hoton yana rawa. Ka kawo gida, ka tura shi ciki, injin ya haɗiye shi da ƙara, ƙaƙas, sannan layuka su yi ta gudu a fuskar talabijin kafin hoto ya tsaya. In ya ƙi tsayawa, a buɗe injin a goge kansa da auduga da ɗan turare. In kaset ya ƙare a mayar da shi baya, yana kuka zuuu, don mai shago ba ya karɓar wanda ba a mayar ba sai da mita.

Na kawo na Indiya, Baba ya ce waƙa ta yi yawa. Na kawo na Turawa, ya ce bindiga aikin rago ne, kowa ma ya iya danna ta. Ranar da na kawo na 'yan Sin ɗin nan na zamanin da, masu dogon gashi da riguna har ƙasa, dattijon nan ya gyara zama bai ƙara motsi ba. Mutane suna tashi sama kamar ba su da nauyi, su taka kan gora, su taka ruwa ba su nutse ba. Tsoho mai farar gira ya zauna a kan dutse yana shafa gemu, almajiransa na takobi suna durƙushe a gabansa. A shiga gidan shayi a zauna lafiya, kafin a tsiyaya kofi na biyu an farfasa tebura. In za su gaisa, su dunƙule hannu ɗaya su rufe da ɗayan, su ɗan rusuna. Ga ƙarar takubban, shau, shau, ƙwal! In mace ta matso kusa da namiji sai hoton ya yi tsalle, an yanke, ka ga an riga an kai wani gari. Baba mutumin wuƙa ne, don haka hannu yake kallo. Ya ce, "Duba wancan, ya riƙe ta kamar muciya, yanzu za a raba shi da ita." Kafin ya rufe baki kuwa an raba shi.

Maganar da suke yi da yarensu an rubuta ta da Larabci a ƙasan hoton, fararen baƙaƙe masu gudu. Idon Baba ba ya cim musu, sai ni na zama mai karanta masa ina mayarwa da Hausa. Ranar Alhamis, da yake ba aiki, tsakanin azahar da la'asar, mukayyif ɗin taga, na'urar sanyaya ɗaki, yana gurnani, mu zauna ni da shi da butar shayi. Wallahi a duk rayuwata ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ya ce, "Kai, me ya ce?" in faɗa masa. Ya ce, "Ɗan banza, ashe shi ya zuba gubar!" Hausata cike take da Larabci, in ce saif ya ce takobi, in ce mu'allim ya ce malaminsu, amma muna tafiya. Ina ganin a hankali, a hankali, wata rana cikin zafin faɗa zai manta ya juyo ya kira ni da sunana. Abin da nake jira ke nan, ba wani abu ba.

Sai Isuhu ya zo.

Gwiwoyin Baba sun fara ciwo, tsayuwa gaban wuta ta yi masa wuya, ni kuma ina ofis, ƙannena maza suna makaranta. Aka yi masa hanyar wani mutumin Maraɗi, mahauci ɗan mahauta, ya zo da iƙama, takardar izinin zama, a ƙarƙashin sunan Baba. Na girme shi da kaɗan. Dogo ne, siriri, mai wushirya, kuma bakin nan ba ya rufuwa, ko dai magana ko dariya. Ban ƙi shi ba ranar farko, Allah ya sani. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce mini Yaya kamar yadda ƙannena suke faɗa. Amma kafin wata ya zagayo, gidanmu ya koma gidan suna ɗaya. "Isuhu, gawayi!" "Isuhu, zo ka ji!" "Isuhu, ka ci abinci kuwa?" "Kai Isuhu, Allah ya shirye ka!" Baba har jan sunan yake yi, Isuuuhu, kamar yana tsotsar alewa. Ina ɗakina ina guga sai in ji, in dangwarar da dutsen gugar. Mutumin da ya zo jiya da jaka ɗaya, shi ake kira da daɗin baki haka, ni da aka haifa a ɗakin nan ina nan a "kai wannan."

Bai tsaya nan ba, har majalis ya bi ni. Da hantsi, lokacin da nake wurin aiki, su biyu suke zama da faranti a tsakiya suna soke nama a tsinke, sai suka ga ai ba abin da zai hana su kunna kaset. Isuhu ba ya iya bin rubutun nan ko kaɗan. Ka san me yake yi? Ƙirƙira yake! Ya kalli fuskokin mutane ya shirya musu zance daga kansa. Ya ba kowa suna da gari. Wannan Sarkin Fawa ne, wancan ɗan Tawa ne da aka cinye masa gado, tsoho mai farar gira kuwa Malam Na-kan-dutse. In jarumi ya zare takobi sai ya yi masa kirari irin na 'yan dambe, da muryar nan tasa ta mutanen yamma, "shina zuwa, shina zuwa, ku ba shi wuri!" Ranar Alhamis in zauna in karanta abin da aka rubuta tsakani da Allah, sai Baba ya ɗaga hannu.

"A'a, ba haka Isuhu ya ce ba. Wannan ai ƙanen matarsa ne."

"Ya abuya, ga rubutu nan. Malaminsu ɗaya ne, ba su haɗa dangi ba."

"To, rubutun ya ji da kansa. Na Isuhu ya fi daɗi."

Isuhu yana gefe yana washe wushirya. "Yaya, yi haƙuri, ni abin da idona ya gani nika hwaɗi."

Kai! Ranar nan shayin ma ɗaci ya yi mini. Ni na sayi injin, ni nake zuwa har hanyar Jurf cikin rana in karɓo kaset, ni na san abin da mutanen nan suke cewa da gaske, amma maƙaryaci ake saurare. Kuma in ya yi ƙaryar Baba ya yi ta dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Da ni, ko abin dariya ya faru, iyakarsa ya murmusa ya kau da kai.

Akwai wani ɗan wasa da yake yawan fitowa a finafinan nan, kusan kullum cikin fararen kaya. Ba ya dariya, ba ya son raini, tafiyarsa a miƙe kamar ya haɗiyi sanda. In ya shiga gidan shayi sai ya kaɗe kujera kafin ya zauna. Baba ya mutu a kansa. Mai Farar Riga yake ce masa. In zan tafi shago ya ce, "Kai, ka duba ko akwai na Mai Farar Riga." In an taru a kansa Baba ya daina shan shayi, in an sare shi Baba ya dafe wurin a jikinsa. Akwai wani kaset da malaminsa yake tsananta masa, ya sa shi ɗiban ruwa da tsayuwa a kan turaku, ya yaba wa kowa ban da shi. Na ce, "Wannan tsohon mugu ne." Baba ya ce, "Uhm," bai ƙara ba. Kada in ɓoye muku, har Mai Farar Rigar nan na yi kishi da shi. Mutum a cikin akwati, a wata duniya, ko sallama bai iya ba, ya samu abin da ban samu ba. Na tsane shi, in an kayar da shi har wani sanyi nake ji.

Wata rana ƙanwata, mai bi na, ta tare ni a tsakar gida tana shanya. Ta ce, "Yaya, me ya haɗa ka da Isuhu?"

Na ce, "Me kika gani?"

"Ba gani ba, ji. Kullum da hantsi in na kai musu shayi bakin ƙofa, sai in ji ana ambaton sunanka a majalis, da ƙarfi, sai kuma dariya ta biyo baya."

"Muryar wa?"

"Ga mukayyif, ga ƙarar takubba, wa zai tantance? Ai dai ka san ba Baba ba ne."

Na sani kuwa. Wato bare ya zauna a majalis ɗin ubana, gaban injin da na saya, yana wasa da sunana, uban nawa yana taya shi dariya. Sunan da ya fi ƙarfin bakin Baba saboda kunya, ashe bai fi ƙarfin kunnensa ba in ana yi masa ba'a. Na kwana biyu abinci ba ya wuce mini. Rana ta uku na nemi izini a wurin aiki, na dawo gida da hantsi ba wanda ya zata.

Tun daga ƙofar gida nake jin ƙarfe yana haɗuwa da ƙarfe. Na tura ƙofar majalis da ƙarfi. Abin da na gani shi ne Baba, mai ciwon gwiwa, ya miƙe a kan gwiwoyin nan, tsinken tsire a hannunsa ya ɗaga sama, bakinsa a buɗe zai yi ihu. A talabijin Mai Farar Riga yana ƙasa, jini a bakinsa, maƙiya sun zagaye shi. Baba ya gan ni. Ya rufe bakin nan a hankali, ya koma ya zauna, ya gyara hularsa. Isuhu ya cusa fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

Baba ya ce, "Kai, lafiya da rana haka?"

In raina ya ɓaci Larabci ne yake fito mini, da shi na yi magana. Na ce, "Ya abuya, in ana wasa da sunana a gidan nan, gara a yi a gabana."

Ya dubi faranti. "Ba wanda ya yi wasa da sunan kowa. Zauna ka karanta mana, ga shi an kayar da mutumin."

"Sunan wa? Wane suna ne ba a yi wasa da shi ba? Faɗe shi mana in ji!"

'Yan Sin suna ta ihunsu a talabijin. Daga bayan labule na ji Inna ta ce, "Innalillahi! Kai wannan, ka san da wa kake magana?" Isuhu ya daina dariya. Ni kuwa ina tsaye cikin farar rigata ina jira. Na ce a raina, yau ko cikin fushi ne, ko da zagi ne, ya dai faɗa. Baba ya ɗauki yankan nama, ya nemi ya soke shi a tsinke, ya kuskure, ya sake. Ban taɓa ganin hannun nan ya kuskure ba. Sannan ya buɗe baki, ba tare da ya dube ni ba.

"Isuhu, ƙara mana sautin."

Na juya na fita. Daga ranar ban ƙara zaman Alhamis ba. Ina dai karɓo musu kaset in ajiye a kan talabijin, don ba na so a ce na hana dattijo abin da yake so. Su suka ci gaba da zamansu, ni na ci gaba da jin Isuuuhu ta bango.

Bayan wasu shekaru ciwo ya kwantar da Baba. Ni nake kai shi asibiti, ni nake juya shi, ni nake ba shi ruwa a cokali. Ina yi don Allah, ina yi don uba ne, amma ba zan yi ƙarya ba, kunnena a buɗe yake. Na ce mutum in ya zo gaɓar nan ai kunya takan sake shi. Wata safiya ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe yana kallona, leɓɓansa suna motsi. Na sunkuya har kunnena yana taɓa gemunsa. Ya ce, "Kai... Allah ya yi maka albarka." Na ce amin. Albarka ba ƙaramin abu ba ce, na sani, kada wani ya yi mini wa'azi. Kwana kaɗan bayan haka muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Masu ta'aziyya suna ta cewa Allah ya ji ƙan Abu Wane, sunana yana ta yawo a cikin rumfa.

Da Baba ya rasu zaman Isuhu ya ƙare, don ba mai riƙe sana'ar a cikinmu, shi ma ya ce yana so ya koma wurin iyalinsa. Ni na ɗauke shi a mota da safe zuwa tashar motocin Jidda. Muna tafe ba mai magana, abin da ban taɓa gani ba a wurinsa. Da muka tsaya ya ƙi buɗe ƙofa.

Ya ce, "Yaya, akwai magana guda da Baba ya hana ni hwaɗi. Amma yanzu ya tahi, kuma ni ma tahiya za ni."

Na ce, "Ina ji."

"Ka san sunan Mai Farar Riga?"

Na ce wane irin zancen banza ne wannan, ana cikin makoki.

"Sunanka ne, Yaya. In kana nan, Mai Farar Riga ne. In ka sa ƙahwa ka hita, da sunanka shika kiran shi. Tun ran da ya hwara ganin shi ya ce, Isuhu, dubi tahiyar, dubi yadda shika kaɗe kujera, dubi hushin, wannan ai wane ne. In an taru a kanshi sai ya tashi da tsinke, tashi wane! Bayanka wane! Kada ka bari su kashe ka, wane! Har muryarshi ta dushe. Ni abin da shika ba ni dariya ke nan, dattijo da gemu shina tsalle. Ran da ka shigo, saura ƙiris ka ji. Ya riga ya ja numfashi."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Mutane suna wucewa da jakunkuna, wani yaron mota yana ta kiran Jidda, Jidda.

Na ce, "Yaya yake faɗinsa?"

"Mi?"

"Sunan. Yi mini yadda yake yi."

Isuhu ya gyara murya, ya runtse ido, ya ƙwala sunana a cikin motar nan har wani mai wucewa ya waiwayo. Da harshensa na Maraɗi ya fito, da siririyar muryarsa. Na ce, "Ba haka muryar Baba take ba." Ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Tashi ta hi kauri, kuma shina jan ƙarshen. Ba ni iyawa." Ya share ido da bakin hannun riga, ya ɗauki jakarsa ya fita, ya dunƙule hannu ɗaya ya rufe da ɗayan irin gaisuwar mutanen kaset, ya rusuna mini, ya shiga motar Jidda.

Wanda ya ji wannan labarin yakan ce, to ai shi ke nan, ka huta, ashe yana sonka. Na ce wa ya ce ba ya sona? Ni ba shaida nake nema ba, ji nake so in yi. Shekara da shekaru ubana yana kiran sunana da dukan ƙarfinsa, a cikin gidanmu, bango ɗaya tsakaninsa da ɗakina, kuma duk a kunnen Isuhu ya zuba. Ƙanwata ma ta ji ta bayan ƙofa ba ta san abin da ta ji ba. Da na tsaya a bakin ƙofar nan na ɗan numfasa kafin in tura, da na samu rabona. Na koma shagon hanyar Jurf na sayi kaset ɗin gaba ɗaya, na sa shi ni kaɗai a majalis. Aka kayar da Mai Farar Riga, maƙiya suka zagaye shi, na rage sautin har ƙasa ina saurare. Ba komai sai mukayyif.

Isuhu yana nan da ransa, ya tsufa shi ma. Duk sallah sai ya kira ni a waya, mu gaisa, ya tambayi yara, in tambayi nasa. Mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da mugunta ba. Ni na gaji gidan, na gaji majalis ɗin, har dutsen wasa wuƙar yana wurina. Amma in yana magana a wayar nan, ba bakinsa nake tunani ba, kunnensa nake tunani, kuma wallahi har yau ina kishinsa.

Mun kusa gida, an tsayar da mu a danja. Na dubi ɗana, ɗan farina, yana ƙwanƙwasa sitiyari da yatsa. Na kira sunansa, cikakke, da ƙarfi, na ja ƙarshen.

Ya firgita ya juyo. "Na'am, ya abuya? Wani abu ne?"

Na ce, "Ba komai. An ba mu hannu, tuƙa."